Ranar da Sabar Malam Adana Ta Ƙi Tashi

Shekara goma sha ɗaya ina buga wasiƙu a cibiyarmu ta koyar da sana'o'i, kuma a cikinsu babu wadda na tsana kamar takardar sallama. Ranar Litinin ɗin da zan ba da labarinta, ƙarfe takwas da rabi bai yi ba Shugaba ya leƙo ofishina. Ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba ya ce in buga wa Iya mai shara takardar sallama, yana son ganinta a kan teburinsa kafin azahar.

Laifin da aka ɗora mata shi ne ta taɓa abin da ba a ce ta taɓa ba. Ranar Asabar ta zo shara kamar yadda ta saba, ta shiga ƙaramin ɗakin da injin sabar yake, ta kashe soket, ta sake kunnawa. Sabar ita ce manhajar da ke miƙa wa mutane shafinmu na intanet idan sun neme shi a wayoyinsu. To tun daga wannan kashewa shafin bai sake buɗewa ba, ga shi a ranar Litinin ɗin ce muka yi alkawarin fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka karatu. Wayar ofishina tun da na shigo take ƙara, iyaye suna tambaya, ni kuma ina ta ba da haƙuri kamar ni na kashe.

Iya tana zaune a kan bencin baranda, bokitinta a gefe, ta riƙe sandar mofa da hannu biyu. Shekararta goma sha bakwai tana share mana wannan gini, da wannan aikin take riƙon jikokinta biyu. Babu wanda ya kama ta, ita da bakinta ta je ta gaya wa Shugaba abin da ta yi tun da ta ji ana cewa shafi ya ƙi buɗewa. Da na wuce ta gabanta ta ɗago ta ce, "'Yata, an ce ke za ki rubuta?" Na ce mata firinta ta ƙi aiki. Ƙarya nake yi, firintar lafiyarta lau.

Mutum ɗaya ne zai iya cewa wani abu a wannan magana Shugaba ya saurara, shi ne Malam Adana, mai kula da kwamfutocinmu. Mijin yayata ne, Allah Ya jiƙanta, kuma shi ya kawo ni wannan aiki. A ofis babu mai kiransa da sunan yanka. Adana aka laƙaba masa saboda a duniya ban taɓa ganin mutumin da ba ya iya yar da abu kamarsa ba. Durowarsa ta ƙasa cike take da wayoyin caja da suka mutu, kowace an naɗe ta an ɗaure da roba, an manna mata 'yar takarda mai kwanan wata. Akwai kwali guda na linzamin kwamfuta waɗanda ko ɗaya ba ya motsi. A gida kuma gwangwanayen madara ne jere a kan taga, wannan na kusoshi, wannan na maɓallai, wannan na makullan da ba a san ƙofofinsu ba. Yayata ta taɓa fitar da wata tsohuwar fanka ta ajiye a bola yana wurin aiki. Da yamma sai ga shi ya shigo da ita a kafaɗa yana murna, wai ya tsinci irin tasu sak, za a yi amfani da fikafikanta.

Da gyaran tafireta ya fara. Yana da ɗan shago a lokacin, yana bin ofisoshi da jakar kayan aiki da kwalbar mai. Da kwamfuta ta shigo abokan sana'arsa suka koma sayar da takardu da biro, shi kuwa ya sayi wata matacciya ya kai gida, ya kwance ta a kan tabarmar falo, wata uku babu mai shimfiɗa ƙafa a wurin. A nan ya koya. Cibiyarmu ta ɗauke shi lokacin da kwamfutocinta biyu ne kacal, yau sun fi sittin, kuma shekara ashirin da uku ke nan ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba. Ni ke riƙe da fayil ɗin ma'aikata, na san abin da nake faɗa. Nasa ya fi na kowa siranta, kuma ya san da haka, yana alfahari da shi a ɓoye.

Abin da ke haɗa ni faɗa da shi shi ne sanyin jiki. Ko gini na rushewa Yaya, kamar yadda nake kiransa, ba ya gudu. Idan abu ya lalace kowa yana tambayar wa ya yi, shi sai ya ja kujera ya ce bari mu ji abin da injin ya ce. Injin yana da rajista, wato wani dogon rubutu da yake yi wa kansa, duk wanda ya buɗe shafi sai ya rubuta layi ɗaya, da lokaci da abin da aka nema, duk kuskuren da ya faru shi ma ya rubuta. Wannan rajistar Yaya yake karantawa kowace safiya da kofin shayinsa, yadda wasu ke karanta jarida. Na sha ce masa wata rana a cikinta za a yi masa jana'iza.

Na same shi a ɗakin sabar ya riga ya zauna. Ɗakin da can ma'ajiyar tsintsiya ne, tsukukke, babu taga sai ɗan gilashi a jikin ƙofa wanda ke kallon ofishina. Teburi ɗaya, kujera ɗaya, injin a tsaye a kusurwa yana gunjinsa, na'urar sanyaya ɗaki a sama.

"Yaya, kana zaune? Kafin azahar za a kori baiwar Allah nan."

"Na ji, Auta. Kira min ita."

Iya ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, wai ita da ɗakin nan har abada. Ya ce ta gaya masa abin da ta gani ranar Asabar, tun daga buɗe ƙofa, kada ta tsallake komai.

"Malam, ruwa na tarar," in ji ta. "Na'urar can ta sama ke ɗiga, ya kwanta a ƙasa, yana gangarawa wajen wannan doguwar soket da ke kwance. Saura kamar taki ɗaya. Na ce in ya shiga ai wuta ce. Na kira lambarka ba ta shiga ba. Sai na kashe daga bango, na goge, na jira ya bushe, na ɗora soket ɗin a kan kwalin nan, na kunna. Na ga fitilu sun kawo, na ji yana ƙara irin tasa, na ce alhamdu lillahi na ja ƙofa."

Ya dubi soket ɗin da ke kan kwali, ya dubi tabon ruwa a bango, ya dubi gwangwanin da ta tara a ƙarƙashin na'urar, ya kusa cika. Ya ce, "Sannu, Iya. Je ki zauna, kada ki tafi ko'ina."

Daga nan ya fara aikinsa, ni kuma na tsaya a bayansa na harɗe hannu, don na rantse ba zan koma kan waccan takarda ba sai an ja ni. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa, rabi da ni rabi da injin. Ya fara duba wayar da ke haɗa injin da intanet, fitilarta na ƙiftawa, ya ce wannan lafiya. Ya aika wa injin saƙon gwaji daga wata kwamfuta, ya amsa. Ya ce to injin a raye yake, sabar ce kawai ba ta tashi ba. Ya buga mata umarnin tashi. Ta yi kamar za ta tashi, daƙiƙa biyu, sai layi ja ya fito cewa ta kasa.

"Ka sake mana," na ce.

"In na sake sau ɗari amsar ɗaya ce. Ba taurin kai take yi ba, wani abu ya tare ta."

Ya duba tsarin da aka rubuta mata ko wani ya taɓa, injin ya ce tsari daidai yake. Ya duba ko wata manhaja ta riga ta tsaya a ƙofar da sabar ke karɓar baƙi ta hana ta wuri, ya ga ƙofar a buɗe babu kowa. Ya duba agogon injin, yana tafiya daidai da na hannunsa. Kowanne ya gama sai ya ja layi a kan wata 'yar takarda, bayan tsohon ambulan ne, don sabuwar takarda ba ta taɓa burge shi ba. Ƙarfe goma ta wuce. Shugaba ya aiko masinja sau biyu yana tambayar wasiƙa, na ce a ce masa ana kan bugawa.

Sai ya buɗe rajistar kurakurai, inda ya kamata sabar ta rubuta abin da ya hana ta tashi. Ya gangara har ƙasa. Babu komai na safiyar nan, babu na Asabar. Layin ƙarshe na ranar Alhamis ne da yamma, kuma ko shi bai ƙarasa ba, ya yanke a tsakiya.

"Ka ga ko rajistar ba ta da abin cewa," na ce.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar. Ya ce, a hankali, wanda ya daina rubutu a tsakiyar layi, ko dai biro ya ƙare ko takarda. Ya buga wani gajeren umarni, jerin lambobi suka fito. Ni ban iya karatun injin ba, amma na ga ɗari bisa ɗari a ƙarshen wani layi, kuma na ga yadda hannunsa ya sauka daga kan madannai ya kwanta a cinyarsa. Shekara talatin na san mutumin nan, sau ɗaya na taɓa ganin ya yi irin wannan zama, a barandar asibiti.

"Mene ne, Yaya?"

"Rumbu ya cika. Inda injin ke ajiye rubutunsa, babu sauran wuri ko na harafi ɗaya. Tun Alhamis ya cika, kwana biyu kafin Iya ta shigo. Sabar da ke kan aiki tana iya ci gaba a haka tana lallaɓawa, amma idan aka kashe, kafin ta tashi dole ta rubuta ɗan abu kaɗan ta ajiye. Ta nemi wuri ta rasa, sai ta koma ta kwanta. Ko wa ya kashe, ko wuta ce ta ɗauke, haka za ta yi."

Daɗi ya kama ni har na tafa hannu. Na ce ashe Iya ba ta ci ba ba ta sha ba. Na ce to wane marar aikin yi ne ya cika mana rumbu, in je in same shi? A raina na riga na zaɓi mutum biyu a sashen ɗinki da na san suna tara bidiyon biki a kwamfutar ofis.

"Rufe ƙofar," in ji shi.

Na rufe. Ya ce a cikin injin akwai wani ɗan aiki da ke tashi da kansa kowane mako, ya share rajistar da ta wuce wata uku don a sami wuri. Mai shara ne shi ma, na cikin inji. Ya ce shi ya dakatar da shi da hannunsa, shekara huɗu da suka wuce, kuma tun daga ranar ba a share layi ɗaya ba.

Na buɗe baki zan fara, don na ga halin nan nasa na tara tarkace ya bi shi har cikin inji, sai lissafin shekarun ya dakatar da ni. Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayata.

Ya juya ga allon ya buɗe rajista mafi tsufa, ya tace ta, sai layuka suka jeru iri ɗaya, kusan casa'in. Kowanne rana daban, amma lokacin kusan ɗaya, huɗu da minti biyu, huɗu da minti biyar, huɗu saura minti ɗaya. Ya ce akwai wani shafin gwaji da ya yi wa kansa tun farko, babu hoto babu ado, kalma biyu ce kawai a kai, "Lafiya lau". Babu wanda ya san adireshinsa sai shi da yayata. Ita tela ce, a gida take ɗinki. Kullum idan ta idar da la'asar, kafin ta koma kan keke, sai ta buɗe shafin a wayarta. In ya buɗe ta san injin mijinta lafiya, zai dawo a kan lokaci su ci abinci tare. In bai buɗe ba, ba ta kiransa ta dame shi, sai ta zuba nasa a kula ta rufe. Shi kuma a nan yana ganin layinta ya faɗo a cikin dubban layukan baƙi, ya san Mai keke ta leƙo. Haka yake kiranta.

"Bayan an yi bakwai na dawo aiki," in ji shi, "na zauna a nan, sai na tuna mai sharar zai fara cin nata, mako-mako, cikin wata uku babu ko ɗaya. Na ce bari in tsayar da shi na ɗan lokaci."

"To me ya hana ka kwafe su ka kai gida?"

"Na kwafe. Har sau uku. Akwai ma a takarda a aljihuna." Ya taɓa ƙirjinsa. "Amma kwafi daban, Auta. A nan ne hannunta ya taɓa. Kullum ina cewa gobe zan mayar da shi. Na auna wurin da ya rage na ga zai kai ni ritaya, saura shekara biyu. Ban san masu neman shiga za su ninka haka a bana ba."

Na sunkuya na dubi layin ƙarshe. Na gane ranar, don ni ke jinyarta. Huɗu da minti biyu. Na tuna ta ce in miƙo mata wayarta daga kan durowar asibiti, hannunta da robar ƙarin ruwa, na miƙa mata ina faɗa, ina cewa mutum na fama da kansa amma ba zai bar latse-latse ba. Ta duba, ta yi ɗan murmushi, ta ba ni na ajiye. Ban taɓa sanin abin da ta duba ba. Na yi kuka a ɗakin nan, ba na ɓoyewa, na jingina da ƙofa na yi shi sosai, Yaya yana zaune bai ce in daina ba.

Da na share fuska sai wayona ya dawo. Na ce masa ya rage wasu layukan daga tsakiya a ɓoye, sabar ta tashi, sunaye su fita, hankalin Shugaba ya kwanta, sannan mu je mu biyu mu roƙa wa Iya. Wa zai sani? A ginin nan kaf babu mai iya karanta wannan allon sai shi.

"In muka roƙa mata, ta zama mai laifin da aka yafe wa," in ji shi. "Gobe kofi ya fashe a ce ai dama ita ce. Matar nan injin ta ceta daga ruwa. Je ki kira min Shugaba, ki ce ya zo kafin in taɓa komai. In na gyara kafin ya gani, zai ɗauka rufa mata asiri nake yi."

Na je na kira shi.

Shugaba ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoron a ce ya gaza, kuma tun safe waɗanda ke sama da shi suke kiransa. Ya shigo yana duba agogo. Yaya ya miƙe ya ba shi kujerar, ya ce a shigo da Iya ita ma ta ji. Mu huɗu a ɗakin da mutum biyu ke takura. Ya nuna masa layin da ya yanke ranar Alhamis, ya nuna masa ɗari bisa ɗari, ya nuna masa gwangwanin ruwa da soket a kan kwali, ya yi bayani dalla-dalla kamar yana koyar da aji.

"Ranka ya daɗe, da ba ta kashe ba, da yau ba maganar shafi muke yi ba, maganar sabon inji muke yi, ko ta gobara. Abin da ya hana sabar tashi ni na jawo shi. Na dakatar da sharar rajista shekara huɗu da suka wuce, ban mayar ba."

"Kai, Malam? Don me?"

"Dalilin nawa ne, ba na ofis ba ne. Shi ya sa ya zama laifi."

Shugaba ya dube shi, ya dube ni, ya ga idona, bai ƙara tambaya ba, kuma na gode masa da wannan har yau. Ya ce shi dai an tambaye shi daga sama, dole a ga takarda a fayil ɗin wani.

"A sa a nawa," in ji Yaya.

Iya ta fara cewa a'a Malam, ya ɗaga mata hannu. Ya sunkuya a kan madannai a tsaye. Na matsa kusa na ce masa a kunne ya ware layukan yayata na farkon nan, wata uku ne kawai, ba za su cika komai ba. Ya girgiza kai. Ya ce ɗakin ofis ne wannan, kuma ajiyarsa ta kusa cin abincin jikokin mutane, in ya bar wannan yau ya san kansa, gobe zai sami wani abin da zai bari. Ya mayar da mai sharar bakin aikinsa, ya ba shi umarni ya fara yanzu. Daga mafi tsufa yake farawa. Ban san abin zai yi sauri haka ba, ko minti ɗaya bai cika ba lambar ta sauko daga ɗari zuwa goma sha ɗaya. Ya buga umarnin tashi, layi kore ya fito. Shugaba ya zaro wayarsa ya duba, ya yi ajiyar zuciya, ya fita yana kiran wani. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Iya, a yi haƙuri. A samo mai gyara ya duba na'urar nan." Sha biyu saura kwata.

Wasiƙar da na buga ranar kafin azahar ta gargaɗi ce, da sunan mijin yayata a sama. Ya tsaya a kaina ina bugawa, wai na sassauta, in cire "bisa kuskure" in sa "da saninsa". Na ce masa in ya ƙara magana zan ƙara masa da laifin tara linzamai matattu. Shugaba ya sa hannu, na huda kwafi ɗaya na sa a siririn fayil ɗin nan, na ba shi ɗaya. Ya ninke ta biyu ya rubuta kwanan wata a baya, ya buɗe durowar ƙasa ya ajiye tare da wayoyin caja.

Da rana Iya ta zo da bokitinta ta tsaya a ƙofar ɗakin sabar tana jan ƙafa. Ya ce ta shigo mana, ɗakin ai ta fi shi haƙƙi a kansa. Ta zubar da ruwan gwangwanin, ta goge ƙarƙashin teburi, ta ce masa kwalin linzaman nan fa yana tara ƙura. Ya ce ta bar shi tukuna, abu ɗaya a rana ya isa.

Wayar ofishina ta yi shiru, sunaye sun fita, masu murna suna yi, masu kuka suna yi, duk ba a kunnena ba. Na yi la'asar na dawo na zauna. Ta gilashin ƙofarsa ina hango ƙeyarsa da furfurar da ta fara cin ta, ya ƙura wa sabuwar rajista ido, layukan baƙi suna ta gangarowa. Adireshin shafin gwajin ya zauna min a kai tun safe, gajere ne. Na ɗauki wayata na buga shi. Farin shafi ya buɗe, kalma biyu a kusurwa, "Lafiya lau". Agogon bango ya nuna huɗu da minti uku.

Na ga kafaɗunsa sun tsaya cak. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo da kujerar a hankali, ya dube ni ta gilashin, na yi kamar ina neman wani abu a cikin fayil. Da aka tashi ya biyo ta ofishina da jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Auta, gobe ma ki duba," in ji shi. "Wata uku kawai yake ajiyewa yanzu."